Ina ƴan amshi suka tsaya? Tsokaci a kan zurfi da fili a haɗin sautin waƙoƙinmu

Duk wanda ya taɓa halartar wurin da makaɗin fada ko na jama'a yake wasa, ya san cewa mutanen ƙungiyar ba kara zube suke tsayawa ba. Jagora yana gaba, fuskarsa na kallon wanda ake yi wa waƙar. Ƴan amshi suna bayansa ko gefensa da taki biyu ko uku, makaɗa suna nasu wurin, sanƙira kuma yana kai da kawowa yana jefa kirari, wani lokaci dab da kunnenka, wani lokaci daga can ƙarshen taro. Guɗar mata kuwa daga cikin gida ake jiyo ta, ta ƙetaro katanga. Ko makaho aka kawo wurin, yana iya nuna maka da sandarsa inda kowa yake. Wannan tsari wani ɓangare ne na ma'anar waƙar, domin shi ke gaya wa mai saurare wane ne ke magana, wane ne ke gaskata shi, wane ne kuma ya zo taya murna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, galibin waƙoƙin da ke fitowa yau daga ƙananan sitidiyo na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sun rushe wannan tsari. Jagora da ƴan amshi da kalangu da fiyano duk a wuri guda suke, sun yi sahu ɗaya sun manne da kunnen mai saurare, kowa na ƙoƙarin danne ɗan'uwansa. Daga nan sai a kwara musu amsa-kuwwa mai yawa, kamar yadda ake kwara mai a kan shinkafar da ba ta nuna ba, da fatan zai rufe aibin. An daɗe ana kuka da kalmomin waƙoƙin zamani, ana kuka da raye-rayensu. Ba safai nake jin an yi maganar wurin da aka ajiye muryoyin ba, alhali shi ma abin nazari ne kamar karin waƙa da salonta.

Aikin da Faransawa ke kira « mixage », mu ce haɗin sauti, shi ne mataki na bayan ɗauka: an naɗi kowace murya da kowane abin kiɗa daban, sai mai haɗin ya zauna gaban kwamfuta ya ba kowa rabonsa na ƙarfi da wurin zama. Wurin zaman nan fuska biyu gare shi. Akwai faɗi, wato dama da hagu, akwai kuma zurfi, wato kusa da nesa. Faɗi shi ne abin da ake kira sitiriyo, dabarar da wani injiniyan Ingila, Alan Blumlein, ya yi wa rajista a shekarar 1931. Ta dogara ne ga kunnuwa biyu: sautin da ya fito daga dama yana riga isa kunnen dama, da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma ya fi ƙarfi a can, da wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa ke gane inda ya fito. Samarinmu na sitidiyo suna matuƙar son faɗi, saboda abin saurare na kunne suke saƙalawa lokacin aiki, kuma a nan faɗi yana da daɗi. To amma da me jama'a ke sauraren waƙar? Da salula mai lasifika ɗaya, da ƙaramar rediyo mai pil a bakin kasuwa, da akwatin sauti guda da aka ɗaure a bayan babur. Ko salular mai lasifika biyu ce, suna kusa da juna ƙwarai har ba a jin rata. A irin waɗannan na'urori dama da hagu suna haɗewa su zama ɗaya, wani sautin ma da aka faɗaɗa da dabara sai ya sirance ko ya ɓace gaba ɗaya. Zurfi kuwa yana tsira, domin bai buƙatar lasifika biyu. Saboda haka a ƙasa irin tamu, mai haɗin da ya kashe yininsa a kan faɗi ya manta da zurfi, ya yi wa kansa aiki ne kurum.

Ta yaya kunne ke sanin nisa? Hanya ta farko kowa ya san ta: abin da ke nesa ba ya da ƙarfi. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti na raguwa da desibel 6. Amma wannan kaɗai bai isa ba, don in ka rage ƙarfin rediyo ba ka ji mai labarai ya koma nesa, sai dai ka ji ya yi ƙasa da murya. Hanya ta biyu ita ce kaifin sauti. Iska tana cinye siraran sautuka fiye da masu kauri, kuma busasshiyar iska irin ta hunturu ta fi cinye su. Shi ya sa in ana kiɗan biki a wata unguwa, dukan ganga kake fara ji, sai ka matso kafin ka ji tafi da kacau-kacau, sai ka ƙara matsowa sannan ka rarrabe kalmomi. Muryar da ke kusa kuwa ana jin numfashinta da motsin leɓɓanta, kuma irin mikro ɗin da aka fi amfani da shi yana ƙara wa murya kauri idan baki ya matso shi sosai. Hanya ta uku, wadda ta fi sauran muhimmanci a cikin ɗaki, ita ce awon da ke tsakanin sautin da ya zo maka kai tsaye da wanda ya bugi bango ya dawo. Mai magana na kusa, muryarsa ce ke rinjayar amon ɗaki. Na nesa kuwa amon ɗakin ne ke rinjayar muryarsa.

A nan ya kamata a ɗan dakata, saboda nan ne ɓarnar ta fi yawa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan, a zafin bazara irin namu har ya kai 350, wato kowace mita tana cin milisakan uku ke nan. Wani Bajamushe mai suna Helmut Haas ya nuna a 1949 cewa idan sautin da ya dawo daga bango ya iso cikin kimanin milisakan 30 bayan na farko, kunne ba ya jin su a matsayin abu biyu. Yana haɗe su, ya ɗauki na farkon a matsayin mai nuna wuri, na biyun kuma ya ƙara wa muryar jiki. Sai ratar ta wuce milisakan 50 ake fara jin magana tana maimaita kanta, wato amsa-kuwwa ta sosai, irin wadda yara ke nema a gindin dutse. Tsakanin waɗannan biyu akwai amon ɗaki, dubban dawowa da suka cakuɗe suna mutuwa sannu a hankali. Wanda ya fara auna shi, Wallace Sabine na jami'ar Harvard a Amurka, an ba shi aikin gyaran wani ɗakin lacca ne a 1895, ɗakin da magana ke yin sama da sakan biyar tana yawo cikinsa har ɗalibai ba su fahimtar malami. Da dare yake aiki, yana kwaso matasan kujeru daga wani ɗakin wasa yana jerawa, yana auna yadda amon ke gajarta. Daga nan aka samo ma'aunin da ake amfani da shi har yau, wato tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60. Ɗakin magana yana son ƙasa da sakan ɗaya. Babban ɗakin kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900 bisa lissafinsa yana da kusan sakan biyu. Manyan majami'un dutse na Turai suna wuce sakan biyar. Malamin da ya taɓa koyarwa a ajin siminti mai rufin kwano wanda ba silin, ya san ciwon da Sabine ya je magani ko bai taɓa jin sunansa ba.

To, kiɗanmu a wane ɗaki ya tashi? A dandali, a ƙofar fada, a tsakar gida, a gona ranar gayya, in an shiga ciki kuma a zaure ko soro. Fili ba ya da amo sai ɗan abin da ƙasa da katangu ke mayarwa. Bangon laka kuwa, da kaushinsa da tabarmi da mutane masu manyan riguna a zaune, gajeren amo yake bayarwa mai taushi, ko da rufin na bakan gizo ne mai tsawo irin na tsofaffin gidajen Birni a Damagaram. An gina saurin waƙarmu da yawan kalmominta a kan wannan bushewar wuri. Da can samun amon ƙarya abu ne mai tsada: na'urar EMT 140 da aka ƙera a Jamus a 1957 faifan ƙarfe ne mai tsawon mita biyu da faɗin mita ɗaya, nauyinta da akwatinta ya kai kilo 270. Yau yaro na danna maɓalli guda ya sami majami'ar Turai a kyauta, ya ɗauki mai gurumi ya jefa shi ciki. Arha ce ta kawo almubazzaranci.

A matsayina na mai koyar da harshe, abin da ya fi damuna shi ne illar dogon amo ga Hausa kanta. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da tsawon wasali da karin sauti. Gari na mutane da garin tuwo, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Baƙo da ya zo daga tafiya da Baƙo sunan mutum, wasalin ƙarshe ne ya raba su: na farko dogo, na biyu gajere wanda ake datsewa a maƙogwaro. Amo mai tsawon sakan uku yana ja wa kowane wasali jela, ya cike ɗan shirun da ke bayan gajeren wasali, ya kuma ɗora sautin gaɓar da ta wuce a kan wadda ke zuwa, ta yadda hawa da saukar murya ke dagulewa. Baƙaƙe irin su ƙ da ts da ɗ, waɗanda ɗan bugu ne na ƙiftawar ido, su ne farkon nutsewa. Bafaranshe na iya jure wa amo fiye da mu, tun da harshensa bai rataya ma'anar kalma ga karin sauti ba. Idan dattijo ya ce ba ya jin abin da yaran nan ke faɗa, ba kullum ne laifin kunnensa ko laifin harshensu ba. Sau da yawa laifin yana ga wanda ya zauna gaban kwamfuta.

Sai batun amshi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya koya mana kallon waƙa a matsayin gindi da ɗiya, da kuma aikin da ke tsakanin jagora da ƴan amshinsa: su maimaita gindi, su karɓi abin da ya fara, su yi masa ƙari. Wannan zance ne tsakanin mutum ɗaya da jama'a, kuma zance yana buƙatar rata. Idan jagora ya yabi wani, muryoyin da ke tashi daga bayansa su ne shaidu. A sitidiyon yau, sau da yawa mawaƙin da kansa ne ke komawa gaban mikro ya yi wa kansa amshi sau uku ko huɗu, a daidai inda ya tsaya da farko, a kuma daidaita muryoyin da na'ura har su zama kamar an zana su da abin ja layi. Abin da kunne ke ji shi ne mutum ɗaya da ya kumbura, yana ba kansa gaskiya. Bayan haka sai a kawo na'urar matse sauti, wadda ke danne mai ƙarfi ta ɗaga marar ƙarfi don waƙar ta fi ta maƙwabci ƙara. Matsi kaɗan yana da amfani, musamman ga salula. In ya yi yawa, yana jawo duk abin da ke baya ya dawo gaba, ya share ɗan zurfin da ya rage. Alhali kuwa makaɗanmu sun daɗe da iya haɗin sauti tun ba a san kuran ba: mai kalangu ya san cewa muryar gangarsa na zaune kusa da muryar namiji, don haka yana sassauta hannu idan jagora ya shiga ɗa, ya saki hannu idan an koma gindi. Matsi mai tsanani yana soke wannan ladabi, ya mayar da makaɗin kamar wanda bai san aikinsa ba.

Mai karatu na iya gwadawa da kansa. Ya nemi tsofaffin kaset na Mamman Shata, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Ma'azu Ɗan Alalo, ko faifan da Tolia Nikiprowetzky ya fitar a kamfanin Ocora cikin shekarun 1960 a kan kiɗan maroƙan Nijar, ya rufe ido ya saurara. Ba na cewa ɗaukar da ta fi ta yau tsabta. Da yawa daga kaset ɗin nan suna shuu, ganga na fasa mikro, wani wurin murya na rawa saboda zaren ya miƙe. Amma a mafi yawansu za ka iya cewa ga jagora nan, ga mutanensa can, ga taro kewaye da su, domin an ɗauke su ne tare a wuri ɗaya, nisan da ke tsakaninsu kuma nisa ne na gaskiya da aka taka da ƙafa.

Akwai fayafai biyu na ƴan jihar Tawa da suka isa misali, ko da yake da Tamashek aka yi su. A 2008 Mdou Moctar ya je Sakkwato ya naɗi Anar, da gangar na'ura da muryar da aka bi da Auto-Tune, salon da ya aro daga waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da su a 2014. A 2016 kamfanin nan ya fitar da faifan farko na Les Filles de Illighadad, wanda aka ɗauka a fili a karkarar Abalak: fuska ɗaya Fatou Seidi Ghali ce da gitarta, ɗaya fuskar kuma kiɗan tende ne na dare, mai tsawon sama da rubu'in awa ba yankewa. A faifan tenden nan ba wanda ya share tafi da guɗa da hayaniyar mutane, kuma su ne suka ba shi faɗin da mai saurare ke jin kamar ya zauna a bakin da'irar. Shi kuwa Anar bai taɓa riya cewa a wani wuri na duniya aka yi shi ba. Muryar ta na'ura ce, ɗakinta na mafarki ne, kuma ya tsaya a kan haka daga farko har ƙarshe. A nawa ganin duka biyun sun yi nasara, saboda kowanensu ya zaɓi wuri guda ya zauna cikinsa.

Wannan ya sa ba na cikin masu yi wa waƙoƙin nanaye kuɗin goro. Tun da fiyanon Yamaha ya shiga sitidiyon Kano cikin shekarun 1990, waƙar fim ta gina nata ɗaki, wanda ta gado daga finafinan Indiya: saurayi da budurwa suna waƙa a wani lambu da babu shi, amo mai yawa kuma ya dace da wurin da babu shi. Inda abin ya ɓaci shi ne da wannan ɗaki ya zama shi kaɗai ake da shi. Waƙar sarauta, waƙar noma, begen Annabi, waƙar faɗakarwa a kan rigakafi, har karatun waƙar da ɗalibai suka rubuta, duk a lambun nan ake saukar da su. Wata ƙungiyar ɗalibai da na raka wani sitidiyo da waƙar gaɗa, an shigar da ƴan matan ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan akurkin ɗauka, aka maye tafinsu da na fiyano. Abin da ya fito ya yi tsaf, sai dai babu dandali a cikinsa, kuma su kansu yaran da suka saurara sun kasa gane muryar wace ce wace.

Adalci ne a faɗi halin da masu haɗin ke ciki. Ɗakin ƙarami ne, mikro ɗaya ne, kuran yana zuwa yana tafiya, ladan waƙa ƴan jikkuna ne, mai waƙar kuma yana tsaye a kansu yana cewa a ƙara eko, a ƙara ƙara. Yawancinsu a wurin aboki ko a intanet suka koyi aikin, daga darussan da aka shirya don kiɗan wasu mutane. Amma maganin bai buƙatar sayen komai. A tara ƴan amshi na gaskiya su uku ko huɗu, su ja da baya daga mikro da taki biyu, su yi tare. Ɗan saɓanin da ke tsakanin muryoyinsu shi ne ke nuna jama'a ne. Idan ɗakin ya yi ƙanƙanta, zauren laka na maƙwabci bayan sallar isha'i ya fi akurkin da aka lulluɓe da katifa. Muryar jagora a bar ta kusan a bushe, in kuma za a sa mata amo, a jinkirta shigowarsa da milisakan 30 zuwa 60, don kalma ta riga fita sarai kafin ɗakin ya amsa. Wannan jinkiri shi ke sa murya ta tsaya a gaba ko da akwai amo a bayanta. Abin da ake so ya koma baya a rage masa kaifi kaɗan tare da ƙarfi. Kowa kuma a sa shi a ɗaki ɗaya, kada jagora ya kasance a majami'a, kalangu a cikin akwati. Kafin a miƙa aikin, a saurare shi a salular da ta fi kowace arha a gidan.

Masu shirya wasan kwaikwayo na rediyo a lakwal da gidajen matasa su ma zancen ya shafe su, wataƙila ma fiye da mawaƙa. A rayuwar Bahaushe nisa magana ce. Baƙo daga zaure yake sallama, matar gida ta amsa daga ciki, suruki ba ya matsowa, mai kawo ƙara gaban sarki daga nesa yake durƙusawa. Idan mai sallama da mai amsawa duk bakinsu na kan mikro ɗaya, an riga an shigar da baƙon har ɗaka tun ba a yi masa izini ba, mai saurare kuma yana jin wani abu bai daidaita ba ko da bai iya faɗin mene ne.

Saura ƙungiyoyin al'adu da suka duƙufa wajen mayar da tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, aikin da ya cancanci yabo tun da zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura. Yanzu akwai manhajoji masu raba murya da hayaniya cikin minti kaɗan, kuma jarabar amfani da su tana da ƙarfi. Sai dai manhajar ba ta san sanƙira ba. A wurinta kirarin da ke tashi daga nesa hayaniya ce, guɗa ƙara ce, tarin dattijon da ke zaune kusa da makaɗa datti ne, ɗan amon zauren da aka yi waƙar cikinsa kuma aibi ne da za a goge. Na saurari wata waƙar fada da aka yi wa irin wannan wanki, aka kuma ƙara mata sitiriyon ƙarya da amon babban ɗaki: jagoran ya fito fes, shi kaɗai, yana yabon sarki a wurin da ba kowa. Duk ƙungiyar da za ta yi wannan aiki, ta fara ajiye kwafi ɗaya yadda kaset ɗin yake, da shuu ɗinsa da komai, ta rubuta a jikinsa garin da aka ɗauka da wurin, in an sani, ko ƙofar fada ce, ko sitidiyon Voix du Sahel, ko tsakar gidan mai biki. Wankakken kwafin a yi shi daban, a kuma rubuta a kansa cewa an taɓa shi.